Kuɗin fansa da baikon ikilisiya: amsa ga wani dattijo daga ƙasar Malumfashi

Tambaya: Fasto, ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Malumfashi, jihar Katsina. 'Yan bindiga sun shigo ƙauyenmu da dare sun tafi da matar wani membanmu da 'yarta. An yi ciniki ta waya, sun sauko daga inda suka fara, amma sun ƙara da babur da katin waya. Mijin ya sa gonarsa a kasuwa, kuɗin bai kai ba. Da muka zauna taron dattawa sai muka rabu biyu. Wasu sun ce a buɗe asusun ikilisiya. Ɗaya daga cikinmu, mutum ne mai tsoron Allah, ya ce kuɗin Allah ba zai sayi harsashi ba, biyan fansa rashin bangaskiya ne, mu yi azumi mu jira. Zunubi ne Kirista ya biya? Ya halatta a taɓa baiko, wato kuɗin da masu sujada suke bayarwa a coci?

Amsa: Baba Dattijo, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya dawo da su lafiya, ya ƙarfafa zuciyar maigidan nan. Tunda ana maganar nan mutane suna daji, zan fara da hukuncin, dalilai su biyo baya. Ba zunubi ba ne mutum ya biya kuɗi ya karɓo matarsa da 'yarsa daga hannun wanda ya ɗora musu bindiga, kuma ya halatta ikilisiya ta sa hannu. Sai dai dattijon da ya ƙi ba shirme yake yi ba. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma wannan rabin ne zai nuna muku yadda za ku bayar da kuma inda za ku tsaya.

Littafi Mai Tsarki ya san satar mutane tun da daɗewa, kuma bai taɓa ruɗewa game da wanda laifin yake kansa ba. Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa ga wanda ya saci mutum, ko ya sayar da shi ko an same shi a hannunsa. Maimaitawar Shari'a 24:7 ta sake faɗa. Manzo Bulus ya jera masu satar mutane tare da masu kisankai a 1 Timoti 1:9-10. Ku bincika daga Farawa har Wahayin Yahaya, ba za ku sami ayar da ta ɗora laifi a kan wanda ya je ya karɓo nasa ba. Abin da za ku samu shi ne akasin haka. Littafin Firistoci 25:47-49 ya ce idan Ba'isra'ile ya faɗa hannun baƙo, ɗan'uwansa ko kawunsa ko ɗan kawunsa ko wani na kusa cikin dangi yana iya fansarsa. Nehemiya ya ce su sun yi iyakar ƙoƙarinsu sun sayo 'yan'uwansu Yahudawa da aka sayar wa al'ummai (Nehemiya 5:8), kuma bai faɗi haka da kunya ba. Karin Magana 24:11-12 ta umarce mu mu ceci waɗanda ake ja zuwa mutuwa, ta kuma toshe ƙofar uzuri ga mai cewa bai sani ba.

Ayar da ta fi ƙarfi a hannun abokin zamanku ita ce Romawa 3:8, inda Bulus ya la'anci masu cewa mu yi mugunta domin alheri ya fito. Ƙa'ida ce ta gaskiya, ban kuma yarda a lanƙwasa ta ba. Tambayar ita ce ko mai biyan fansa mugunta yake aikatawa. Masana tauhidin ɗabi'a sun daɗe suna bambanta wanda ya haɗa kai da mugu cikin niyyarsa da wanda mugu ya yi amfani da abinsa ba da sonsa ba. Idan 'yan fashi suka tare motar haya a hanyar Funtuwa, fasinja ya miƙa jakarsa don kada a harbe shi, ba wanda zai ce ya shiga ƙungiyarsu, ko da da kuɗin jakar suka sayi harsashi washegari. Maigidan nan ma ƙwace ake yi masa, bindigar ce kawai take kan matarsa maimakon kansa. Abin da yake nufi shi ne ran iyalinsa. Abin da ɗan bindiga zai yi da kuɗin zaɓin ɗan bindiga ne, shi zai amsa a gaban Allah. Wannan bai share cutarwar da kuɗin zai yi ba, zan dawo kanta, amma cutarwar da aka tilasta maka daban take da zunubin da ka zaɓa.

Maganar rashin bangaskiya kuwa ba ta da ƙafar tsayawa. Da aka kwashe Lutu, Abram, wato Ibrahim, ya tara mutanen gidansa 318 ya bi sawu (Farawa 14). Da Amalekawa suka kwashe mata da yara a Ziklag, Dawuda ya nemi nufin Ubangiji, sannan ya tashi ya bi su (1 Sama'ila 30). Su biyun da takobi suka je, ku ba ku da wannan, amma ba wanda ya zauna a cikinsu ya ce addu'a ta ɗauke masa aiki. Ku yi azumin, ya dace ƙwarai. Ku dai karanta Ishaya 58:6 a ranar, inda Ubangiji ya ce azumin da ya zaɓa shi ne a kwance sarƙoƙin mugunta, a saki waɗanda ake zalunta.

Batun baiko shi ne ya fi raba ku, kuma a nan tarihin ikilisiya yana da abin faɗa mai yawa, don ba mu ne farkon waɗanda aka yi wa wannan ba. Wajen shekara ta 253, mahara suka kwashe Kiristoci a Numidiya, ƙasar da ke cikin Aljeriya a yau. Bishop-bishop na yankin suka rubuta wa Sifiriyan, bishop na Kartaj. Ya tara kuɗi daga limamai da jama'ar ikilisiyarsa, 100,000 a kuɗin Romawa na lokacin, ya aika tare da sunayen waɗanda suka bayar don a riƙa yi musu addu'a. Hujjarsa ita ce Almasihu ne muke gani a cikin 'yan'uwan da ke tsare, shi da ya fanshe mu da jininsa ya cancanci mu fanshe shi da kuɗi. Ya ƙara da cewa idan abin ya sake faruwa su rubuto, kada su yi jinkiri.

Bayan yaƙin Adiriyanobul a 378, da kabilun Got suka kwashe mutane da yawa, Ambrus bishop na Milan ya farfasa kwanonin zinariya na ikilisiya ya fanshi kamammu. An zarge shi kamar yadda ake zargin wasunku yanzu. Ya amsa da cewa ikilisiya tana da zinariya domin ta kashe wa mabukata ne, ba domin ajiya ba, kuma ranar shari'a Ubangiji zai tambayi dalilin da ya sa aka bar mutane suka mutu a hannun abokan gaba alhali kwanoni suna ajiye. Amma ko shi ya sa tsari: a fara da kayan da ba a keɓe wa sujada ba, sai sun ƙare a taɓa keɓaɓɓu. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Akakiyus, bishop na Amida, garin da ake kira Diyarbakir a Turkiyya yanzu. Wajen 422 ya narkar da kwanonin ikilisiya ya fanshi Farisawa kusan 7,000 da sojojin Roma suke riƙe da su suna mutuwa da yunwa, ya ciyar da su, ya mayar da su ga sarkinsu. Mutanen ƙasar da ke tsananta wa Kiristoci ne a lokacin. Na kawo shi ne saboda ranar da za a zo karo-karo don maƙwabcinku Musulmi, kada wani ya ce ba namu ba ne. A ƙauyukanmu uwa ɗaya uba ɗaya wani yana masallaci wani yana coci, mutanen daji kuma ba sa tambaya kafin su ɗauka. Daga baya ma an kafa ƙungiyoyin zuhudu a Turai musamman don wannan aiki, ɗaya a 1198, wata a Basalona a 1218, wadda 'ya'yanta suke ɗaukar wa'adin ba da kansu jingina a madadin kamamme idan ta kama.

Ubangiji Yesu da kansa ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah (Markus 7:11-13), ya kuma kare Dawuda da ya ci gurasar da aka ajiye wa firistoci kaɗai saboda yunwa (Markus 2:25-26). Don haka cewa kuɗi ya yi tsarkin da ba zai ceci rai ba, ba koyarwar Almasihu ba ce.

Yanzu ga rabin gaskiyar abokin zamanku. Kuɗin da za ku bayar zai koma dajin Rugu ko wani dajin, ya zama mai da harsashi da ƙwaya, kuma wani ƙauye zai ji a jikinsa. Sana'ar tana tafiya ne domin ana biya. Sarki Hezekiya ya aika wa Sennakerib, sarkin Assuriya, talanti (wani babban ma'aunin nauyi) 300 na azurfa da 30 na zinariya, har ya ɓamɓare zinariyar ƙofofin Haikali, amma sojojin Assuriya suka zo bakin Urushalima duk da haka (2 Sarakuna 18:14-17). Ingila ta biya maharan Denmak fam 10,000 a 991 don su bar ta, zuwa 1012 abin ya kai fam 48,000. Mu ma a nan mun ga sulhun da gwamnatin jihar Katsina ta Gwamna Masari ta yi da 'yan bindiga a 2019 da yadda ya watse. Wannan ne ya sa bishop-bishop na Katolika a Najeriya suka tsaya a kan cewa ba za su biya fansar limamansu ba, don da zarar an san ikilisiya tana biya, kowane mai farar riga ya zama kaya. Ku mutanen Malumfashi ba sai an ba ku labari ba. A Mayun 2021 an shiga cocin Katolika na garinku, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da dattijon fadan da suke tare. Matsayin bishop-bishop ɗin dabara ce ta kare garke, ina kuma girmama ta. Ba hukunci ba ne cewa uban da ya karɓo 'yarsa ya yi zunubi.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi a fanshe su. Alfej, babban bishop na Kantabari a Ingila, maharan Denmak sun kama shi a 1011. Ya hana a tara masa kuɗi don kada a ƙara talauta mutanensa, suka kashe shi ranar 19 ga Afrilu 1012. Bulus ya zauna shekara biyu a tsare a Kaisariya alhali gwamna Filikus yana ta sa rai za a miƙa masa wani abu (Ayyukan Manzanni 24:26-27), ko da yake wannan cin hanci ne ga mai mulki, ba ɗaya suke da fansa ba. Abin lura a labarin Alfej shi ne da ransa ya yi kyautar. Mutum yana da ikon cewa kada a biya dominsa, kuma ikilisiya tana girmama irin wannan. Ba shi da ikon zama a kujerar taron dattawa ya yanke wa matar wani da ƙaramar yarinya shahadar da ba su zaɓa ba. Ku faɗa wa abokin zamanku wannan da taushi, ba a gaban jama'a ba.

To, yaya za a bayar? A ganina sunan ikilisiya kada ya shiga cinikin. Iyali ne suke magana da mutanen daji, iyali ne suke biya, ikilisiya tana taimakon iyali. Wani zai ce wannan wayo ne kawai, kuɗin ai ɗaya ne. Kuɗin ɗaya ne, amma saƙon da zai isa daji ba ɗaya ba ne. Idan suka ji cewa coci ce ta biya, farashin kowane membanku ya tashi daga ranar, kuma sun san ranar da kuke taruwa da wurin. Saboda haka kada a yi sanarwar adadi daga bagade, kada matasa su sa a Facebook ko a rukunin WhatsApp, kuma masu sanin abin da aka tara kada su wuce mutum biyu ko uku. Infoma ba daga sama yake faɗowa ba, a cikin gari yake kwana. Ɓoye wa ɗan bindiga abin da kuke da shi ba ƙarya ba ce, ba shi da hakkin sani.

Ku bi tsarin Ambrus. A fara da karo-karo na son rai daga dangi da membobi da zumuntar mata, sannan asusun agaji, sai a ƙarshe babban asusu. Kuɗin da mutane suka bayar musamman don gini ko don mai bishara, ba a karkatar da shi sai da sanin waɗanda suka bayar. A rubuta komai a littafin ma'aji, a kuma sanar da shugabannin ikilisiyarku na gunduma. Abu mafi muhimmanci, duk abin da kuka yi wa wannan gida ku rubuta shi a matsayin ƙa'ida, don gobe za a ɗauki matar wanda ba kowa ba ne, mai aikin ƙodago a gonar wani. Idan aka buɗe asusu don matar dattijo aka rufe don tasa, wannan shi ne son kan da Yakubu 2:1-4 ta hana, kuma ya fi biyan fansa saurin rusa ikilisiya.

Kayan da suka nema ba duka ne ɗaya ba. Kuɗi, abinci, katin waya, maganin zazzaɓi, waɗannan suna cikin abin da na faɗa a sama. Harsashi ko makami ko ƙwaya, Kirista ba ya sayowa ya kai, ko me aka ce masa, don a nan ba ƙwace ake yi masa ba kawai, shi ne ya shiga kasuwa ya nemo abin kisa. Babur ne mai wuya. Ba makami ba ne a kan kansa, amma kowa ya san ba don kai mara lafiya asibiti suke nema ba, da shi ake shiga gari da dare. Shawarata a yi ta jan ciniki a mayar da shi kuɗi. Idan suka kafe har rai ya kai ga halaka, iyali suka saya, ba zan sa su ƙarƙashin horo ba. Amma kuɗin ikilisiya kada ya sayi babur.

Harajin noma da wasu ƙauyuka suke biya kafin a bar su su yi shuka ko girbi wani abu ne daban, kada a haɗa su. A can babu wani rai da ake karɓowa yau, yarjejeniya ce mai maimaituwa da take mayar da ɗan bindiga hakimi. Ba na hukunta manomin da ya biya don 'ya'yansa su ci tuwo, amma fasto ko dattijo kada ya zama mai karɓar wannan haraji, baiko kuma kada ya shiga ciki.

Ga wani zunubi da taronku bai tattauna ba, wanda kuma ya fi kusa da mu. Maigidan nan ya sa gonarsa a kasuwa. Wa zai saya, kuma a nawa? Na ga inda ɗan'uwa a cikin ikilisiya ɗaya ya sayi gonar mai neman fansa a rabin kuɗinta, yana cewa taimako ya yi. Na ga wanda aka aika kai kuɗi ya yanki nasa a hanya, da mai shiga tsakani da ya ƙara a kan abin da aka nema. Ku karanta Nehemiya 5 gaba ɗaya. Fushinsa ba a kan al'ummai ya sauka ba, a kan manyan Yahuda ne da suka karɓi gonaki da gonakin inabi na 'yan'uwansu a lokacin ƙunci, kuma ya sa su mayar a ranar. Firistoci 25:25 ta ce idan talauci ya sa mutum ya sayar da gādonsa, na kusa da shi ya zo ya fanso. Idan akwai mai hali a cikinku, ya karɓi gonar jingina, a rubuta a gaban shaidu, ba ruwa a kai, ta koma ga mai ita idan ya biya. Ikilisiyar da lamirinta bai kwanta da sa kuɗi cikin fansa ba, ga inda za ta zuba nata ba tare da wata gardama ba: ta hana gonar salwanta, ta ba da iri da taki idan damina ta zo, ta ɗauki kuɗin asibiti da na makarantar yaran. Abokin zamanku ma zai iya sa hannu a wannan da zuciya ɗaya.

Game da hukuma, a Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. Manufar a fili take, a busar da kasuwar. Romawa 13 ta umarce mu mu yi biyayya ga mahukunta, don haka ku sanar da 'yan sanda da mai gari, ku ba jami'an tsaro duk bayanin da zai taimaka, ku nemi shawarar lauya idan akwai a cikin membobinku na birni. Amma surar nan ta ce mai mulki yana riƙe da takobi ne don ya hukunta mugu. Idan takobin bai iso ƙauye ba a daren da aka zo, bai kuma shiga daji ya karɓo su ba, ba na ganin uban da ya ceci 'yarsa ya yi wa Allah tawaye. Haƙƙinmu ne kuma mu riƙa faɗa wa masu mulki haka, ta bakin ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) da shugabanninmu, tare da maƙwabtanmu Musulmi da suka fi mu yawan waɗanda aka ɗauka a jihar nan.

In Allah ya dawo da su, asibiti za a fara kai su a ranar, kafin a yi maganar sujadar godiya. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, don haka ba a jira. Kada dattawa su zaunar da matar su yi mata tambayoyi, kada a tilasta mata ba da shaida a gaban jama'a. A samo mace ɗaya mai riƙon sirri daga zumuntar mata ta zauna kusa da ita. Bayan an ci birnin Roma a 410, Agustin bishop na Hippo ya rubuta cewa matar da aka yi wa fin ƙarfi ba ta rasa tsarkinta ba, don laifin na wanda ya aikata ne, kuma ikilisiya ba ta sauya wannan koyarwa ba. Ba a sa ta ƙarƙashin horo, ba a hana ta jibin Ubangiji. Idan ta dawo da ciki, yaron ba shi da laifin kowa. Wani dattijo da mijin yake jin nauyinsa ya fara zama da shi a kan wannan tun yanzu, kafin su iso gida.